Ranar da Kowa Ya Sa Kore

Ko da zan manta da komai na bikin yayata Zainab, ba zan taɓa mantawa da koren nan ba. Shi na fara gani da muka sauka daga napep a gidan Kaka a Barkin Sale: tsakar gida cike da kore, yana motsi, yana dariya, ba fuska ko ɗaya.

Kwana biyar kafin nan na zauna a kan gilashin idona ya karye (ni da kaina, ba wanda zan ɗora wa). Aka ce sabon sai bayan mako biyu. Ni kuwa abin da nake taƙama da shi a duniya ɗaya ne, lura. Ba na iya magana cikin mutane, amma na san wadda ta sauya ɗan kunne a ajinmu, na san ranar da malamin lissafi ya sa safa kala biyu. Da gilashin ya tafi, allo ya koma hayaƙi. Sai na yi dabara: a makaranta in gane mutum da wurin zamansa, a gida da kalar kayansa. Dabarar ta yi aiki har ranar da mata duka suka sa anko ɗaya.

Mama ta jawo ni bayan kicin. "Je ki gaya wa Anti Rabi ta ɓoye kular naman nan a ɗaki. Gwaggon ango ta iso da manyan ledoji, in ta gani ko ƙashi ba za ta bari ba. A kunne za ki faɗa mata."

Anti Rabi ƙanwar Mama ce, mai jiki. Na hango wata mai jiki a kan kujera. Kunya ta hana ni tambaya. Na durƙusa, na raɗa mata saƙon kalma bayan kalma, har da ƙashin (ni ce ta ɗaya a hadda, kun gani).

Turaren ne ya fara sanar da ni. Anti Rabi ba ta sa irinsa. Sannan ƙafata ta taɓa leda a ƙarƙashin kujerar.

"To, 'yata," in ji wata murya da ban taɓa ji ba. "Ki ce wa uwarki na ji. Ledojin kuma tsarabar amarya ce na ɗauko tun daga Bida."

Mama ta yini a durƙushe tana ba da haƙuri. Gwaggo ta ƙi taɓa naman. Yaya Zainab ta yi kuka har kwallinta ya zubo, domin wannan gwaggon ce ta reni angon, kuma a gidanta za su zauna. Ba wanda ya dake ni. Da ma an dake ni.

Na lallaɓa ɗakin Kaka, wadda yanar ido ta hana gani shekara da shekaru. Kullum muna yi mata dariya, don ba ta buɗe baki sai ta ce, "Wace ce? Yi magana in ji." Ashe duk gidan ita ce mai wayo. A ranar na gane kunyar tambaya minti ɗaya ce, wadda na jawo kuwa har yau ana tuna mini a kowane biki.

"Wace ce?" in ji Kaka.

"Ni ce, Kaka. Don Allah ki matsa in zauna a bayanki har gilashina ya zo. Duk wanda ya shigo, ke ki fara tambaya."