Ranar Da Na Juya Mota Da Rigar Ƙwallo

Ba na jin zan taɓa mantawa da kakar wasan da na yi a matsayin ƙwararren ɗan ƙwallo. Na ce ƙwararre ne don haka aka rubuta a katina. Amma ko zaman benci, wanda shi ne ƙarshen ƙasƙanci ga ɗan wasa, sau ɗaya tak na samu gurbinsa, kuma labarin wannan sau ɗayan nake so in ba ku.

A unguwarmu a Haɗeja, Tarwaɗa ake ce mini, wai don in na ɗauki ƙwallo ba mai iya riƙe ni (a filin firamare ne fa, inda rabin masu tsaron baya babu takalmi a ƙafarsu). Wata rana wani mutum ya zo kallon gasar unguwanni, ya ce ƙafata ta fi ƙarfin nan. Shi ya haɗa ni da wata ƙungiya da ke buga gasar ƙasa a rukuni na biyu, can a wani gari mai nisa. Ba zan faɗi sunanta ba, don su ma ba na jin suna tuna nawa.

Babana manomin shinkafa ne a fadama. A shekarar ambaliya ta cinye masa gona kaf, yana shirin noman rani ko ya farfaɗo, kuma ni ne ƙarfinsa. Da na je masa da maganar tafiya, sai ya ce, "Yanzu gonar nan ni kaɗai za ka bar wa, ka tafi bin fata mai iska?" Na ce, "Baba, sana'a ce, kuma ana samu." Ya ce, "To, Allah ya ba da sa'a." Bai ƙara ba, ni ma ban tsaya jiran ƙari ba.

Aka soma kaka, aka yi nisa, ban taɓa ƙwallo a wasan gaske ba. A atisaye ni ne katanga in ana koyon bugun tazara, ni ne kuma mai kwaso ƙwallon da ta faɗa bayan shinge. Ranar wasa sai in saka rigar sanyi ta ƙungiya in hau cikin 'yan kallo in zauna, ina tafi kamar kowa. Kocinmu, wani gajeren mutum mai yawan tsawa, bai taɓa kiran sunana ba. "Kai, dogo," shi ke nan.

Ni dai ban yi wa gida ƙarya ba. In na buga waya nakan ce, "Yau mun ci," ko "Yau an yi canjaras." Ba laifina ba ne da ba a nuna wasanninmu a talabijin. Sauran aikin wana ne, Yaya Habu, mai sayar da bandar kifi a kasuwa, ya ƙarasa shi. Hoto ɗaya na tura masa ina sanye da rigar ƙungiya, shi kuma ya gina gari guda a kansa. Kafin tsakiyar kaka, a bakin Yaya Habu babu ƙwallon da ta shiga raga a rukuni na biyu ba tare da ta bi ta ƙafata ba. Na ji labarin abin da yake faɗa. Ban gyara masa ba (daɗi yake mini, in faɗa muku gaskiya).

A gasar lig muna tsakiyar tebur, ba ma sama ba ma ƙasa, don haka duk burin ƙungiya ya koma kan kofin ƙalubale. Sai ƙuri'a ta haɗa mu da wata ƙungiya ta garinmu, kuma a Haɗeja za a buga.

Ana saura 'yan kwanaki, koci ya tsayar da ni bayan atisaye. "Kai, dogo, an ce kai ɗan Haɗeja ne?" Na ce, "Ƙwarai kuwa, Koci." Ya ce, "Ka san garin sosai?" Na ce ko idona a rufe zan zaga shi. Ya ce, "Shirya kayanka, da kai za a je."

Tun kafin in cire takalmi na kira Yaya Habu. Wannan kiran shi ne babban kuskurena a rayuwa.

A mota ma koci ya sa na zauna kusa da shi, yana ta tambayata: ƙofa nawa filin yake da su, ta baya ina take ɓullewa, mutanen garin suna da zafi in an ci su? Ni kuwa ina ta zuba, ina ji a raina cewa yau dai mutumin nan ya gane darajata.

Da muka shiga fili bayan la'asar, na ga abin da Yaya Habu ya haɗa. Ya ɗauko makaɗa. Ya kwaso 'yan kasuwar kifi. Dangin innarmu sun taso daga Guri, abokan makarantata sun zo daga Kaugama. Ɓangare guda na filin sun bar ƙungiyar garinsu, sun zo goyon bayan baƙi saboda ni. A gabansu kuma, kan wani benci da aka aro, ga Baba zaune da farar babbar rigarsa ta Juma'a. Mutumin da tun da aka haife shi bai taɓa taka filin ƙwallo ba.

Aka take wasa ina benci. Ban damu ba, na ce gwani ai sai ƙarshe ake sako shi. Muka ci ɗaya kafin hutun rabin lokaci. Da aka dawo, alƙalin wasa ya ba mu fanareti, irin wanda ni kaina da nake cikin ƙungiyar na sunkuyar da kai don kunya. Muka ci. Nan fili ya soma tafasa. Ledojin ruwa suka fara sauka, ana zagin alƙali, wasu samari sun fara tsintar duwatsu. Mutanena kuwa ba ruwansu, kiɗa kawai suke suna cewa, "A sa Tarwaɗa, a sa Tarwaɗa."

Wasa ya kusa tashi sai koci ya waiwayo, ya duba benci, idonsa ya tsaya a kaina, ya yafito ni da hannu.

Na miƙe. Na tuɓe rigar sanyi na yar. Na ja safa, na ɗaure takalmi, na ɗaga hannu na yi addu'a na shafa (a hankali na shafa, don kowa ya gani). Kiɗa ya ɓarke. Na waiga na ga Baba ya tashi tsaye, yana riƙe da hularsa kada a ture masa ita.

Na isa gaban koci ina tsalle-tsalle. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Wa ya ce ka cire riga?"

Na ce, "Koci, ba shiga zan yi ba?"

Ya ce, "Shiga ina? Ka ga yadda mutanenku suka fusata. Je ka gaya wa direba ya juya mota ta kalli ƙofar baya. Ka zauna kusa da shi, da an tashi ka fitar da mu ta hanyar da babu jama'a."

Na ce, a hankali, "Koci, babana yana nan."

Ya ce, "To ka gaishe shi. Yi sauri."

Da mai hankali ne, da ya koma benci ya ɗauki rigarsa ya sulale. Ni kuwa sai na yi dabara. Ƙofar baya tana can ƙarshen fili, kuma dole in bi ta gaban mutanena, don haka na ce bari in yi kamar motsa jiki nake. Na bi gefen layi ina sassarfa, ina wurga ƙafa, ina juya kafaɗa. Makaɗa suka biyo ni da kiɗa. Yaya Habu yana gudu ta bayan shinge yana cewa, "Ga shi nan, yanzu za ku gani." Na wuce su, na wuce tutar kwana, na ci gaba da motsa jiki har na fice ta ƙofa.

Na ɗauka na tsira. Ashe ƙofar a wangale take, kuma wurin ya matse, direba ba ya ganin bayansa. Ya leƙo ya ce in duba masa. Haka duk filin suka juyo suka ga Tarwaɗa, da cikakken kayan wasa, lamba a gadon baya, takalmi mai ƙusa, yana tsaye bayan bas yana ɗaga hannu: "Taho, taho, karya hagu, tsaya."

Kiɗa ya mutu. Cikin shirun nan wani ya ɗaga murya ya ce, "Ashe yaron mota suka saya." Dariya ta tashi daga wannan ɓangare ta zaga har wancan. Masu duwatsu suka zubar suna riƙe ciki. Har aka tashi ba a jefi kowa ba.

Na fitar da su kamar yadda aka umarce ni. Hanyar da babu jama'a kuwa ita ce ta lungunmu. Muka bi ta ƙofar gidanmu, na hango Inna a bakin zaure da manyan kwanuka a rufe, shinkafa da kifin da ta dafa wa baƙin ɗanta. Na zame ƙasan kujera ina gyara igiyar takalmin da ba ta kwance ba. Da muka hau titi koci ya dafa kafaɗata ya ce, "Dogo, yau ka yi ƙoƙari." Yabon da na samu ke nan a duk kakar.

A zagaye na gaba aka fitar da mu daga kofin. Lig ta ƙare muna inda muke. Aka sallami wasu 'yan wasa, sunana na farko, kuma ranar ce na tabbatar ashe sun san shi.

Na dawo gida. Yaya Habu ya daɗe ba ya amsa gaisuwata, don shi yake shan tsiya a kasuwa kullum. Baba kuwa na tarar da shi a gona. Shi kaɗai ya yi noman ranin nan, ya rame, bayansa ya ƙara ranƙwafawa. Sai wata rana muna gyaran kunya a gona, ya tsaya ya dogara da fartanya ya ce, "Ni ban san dokar wasanku ba. Wannan na motar da ka yi, shi ma a cikin wasan yake?"

Na ce, "E, Baba, a ciki yake."

Ya dube ni. Sannan ya ce, "To." Ya ci gaba da aiki. Na gwammace ya zage ni.

Yanzu shekaru sun ja, ina da iyali, ina noman shinkafata. Amma har yau in mota ta maƙale a lungu, sai an samu wanda zai ce a kira ni. Abin da na koya ba shi da yawa. In babban mutum ya wayi gari yana tambayar garinku, ka bari ka ji abin da yake nema kafin ka kira gida. In kuma aka yafito ka da hannu, ka je da rigarka a jikinka.