Koklo Ta Tafi da Muryar Babana

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannun dama a karye, ni Mawuena, 'yar marigayi Fo Agbeko, mai kula da na'urori a ƙaramin gidan rediyonmu da ke bayan tashar mota a Kpalimé, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar Koklo, kwamfutar da ta ɗauki gidan nan a kanta wajen shekara tara ba ta runtsa ba. Ta rasu ranar Talata da hantsi. Ta tsufa, amma ba tsufa ya kashe ta ba. Taɓarya ce ta kashe ta, a hannun Dodzi Tsogbe mai yankan katako, kuma da gangan na sa sunansa a nan sama inda kowa zai gani.

An haifi marigayiya a kan teburin cin abincinmu. Babana ne ya harhaɗa ta daga gawawwakin kwamfutocin da ya kwaso a Lomé, ya ɗora mata manhajar Linux, ya kwana biyu yana yi mata magana kamar mai lallashin jinjiri. Da ya kunna ta, ta yi wani siririn kuka irin na ɗan tsako, Mama ta leƙo daga madafa ta ce ashe duk wahalar nan kaza ya ƙera. Koklo, sunan kaza a harshenmu, ya bi ta ke nan.

Marigayiya ba ta da kwalliya. Baƙin allo ne da farin rubutu, ba hoto, ba fure. Ba ta da fara'a kuma ba ta da munafunci: idan ka ba ta umarni daidai ta yi shiru ta aikata, idan ka yi kuskure ta faɗa maka a layi ɗaya ba tare da sannu ba. Ita ke raba wa ofisoshi intanet, ita ke sako tallace-tallace da sanarwar mutuwa a kan lokacinsu ko da kowa ya tafi cin fufu. Ba ta da tausayin ɓarawo. Kullum sai an samu wasu daga can wata duniya suna ƙwanƙwasa ƙofarta da kalmomin sirri na ƙarya, ita kuwa ta bari su gwada kaɗan, sannan ta maka musu ƙofa a fuska har abada. Manhajar da ta yi taurin kai ta cinye mata ƙwaƙwalwa, nan take take shaƙe ta ta jefar. Na koyi hali a wurinta fiye da yadda na koya a makaranta, waɗanda suka san ni za su shaida.

Amma babban abin da ta riƙe shi ne muryoyi. Babana ya yi shekaru yana hawa ƙauyukan kan dutse da rikoda, yana ɗauko waƙoƙin tsofaffi da tarihin gidaje, da hirar matan da suka yarda su faɗi abin da ake yi musu a gida bisa sharaɗin za a sauya muryarsu kafin a watsa. Kwamfutar da ta riga Koklo ɓarayi suka sace, ba a yi wata ba muryar wata baiwar Allah ta fara yawo a wayoyin kasuwa, mijinta ya karya mata muƙamuƙi. Babana bai yafe wa kansa ba. Shi ya sa ya kulle faifan Koklo da kalmar sirri, irin kullewar da idan aka kashe na'ura komai na ciki ya koma shara sai an buga kalmar. Faifan ajiyar kwafi ma haka ya kulle shi da wannan kalmar. Ya ɗura gam a duk ramukan da ake soka filasha, ya kafa doka cewa ba muryar da za ta fita daga ɗakin nan sai zuwa wata na'ura mai kulle irin nata. Kalmar kuwa ya ƙi rubutawa ko'ina. Duk sanda na tambaya sai ya ce, “Ke dai kin cika gaggawa. Ranar da za mu kashe ta mu kunna, ina tsaye a bayanki za ki buga da hannunki.”

Ranar ba ta zo ba, kuma masu sana'armu sun san dalili. Muna da wata cuta ta alfahari da daɗewar na'ura a kunne. Babana da abokansa na Lomé kan haɗu su yi ta nuna wa juna wanda tasa ta fi daɗewa ba a kashe ba, kamar masu gasar gemu. Koklo ce ke gaba, ya ce ba zai zubar mata da mutunci don koya wa yarinya kalma ba. Wata safiya motar katako ta ƙwace a gangaren dutse ta bi ta kan babur ɗinsa. Aka kawo mana shi a cikin buhunan koko, kalmar tana cikin kansa.

Tun daga ranar rayuwata ta zama gadin numfashin Koklo. Muddin tana kunne, faifan a buɗe yake. Na jera mata batiran manyan motoci, na sa wa janareta doka. Na sabunta mata duk abin da ake iya sabuntawa tana a farke, na bar zuciyar manhajar da tsufanta, don ita sai an kashe an kunna. Shekarar da rufi ya yi yoyo, a kan ƙyauren ƙofa muka ɗauke ta muka tsallaka tsakar gida, mai gadinmu Fo Kuma yana biye da batir a ka, ina ja da baya ina rantse musu cewa wanda ya taka waya zan cire masa haƙori. Wani mai gyaran lantarki ya taɓa kai hannu ga soket ɗinta zai sa cajin waya, har yau idan ya hango ni sai ya canza hanya.

Kowace Lahadi bayan coci, mahaifiyata Mama Akofa takan zo da zanenta na fita, ta zauna a kujerar roba kusa da marigayiya, in sa mata abin saurare a kunne. Ba waƙoƙin take so ba. Wuraren da babana ke yi wa tsofaffi tambaya take so, inda yake tari, inda wata tsohuwa ta zage shi ya fashe da dariya. Takan yi masa gyara, ta ce ƙarya yake, ba a shekarar aka yi ambaliya ba. Wannan zaman shi ne abin da nake gadi, ba ƙarfe da waya ba.

A damina ta bana ciwon ajali ya fara. Faifan ya soma wani ƙas-ƙas a ciki kamar ɓera a kwano. Shekaru ina roƙon kwamitin gidan su sayo na'ura ta biyu, suna sayen kujeru da fenti, sai da na kai shugaban ɗakin na sa kunnensa a jikinta sannan ya sa hannu. Na kulle sabuwar, na haɗa su da waya, na fara kwashe kayan a hankali, don idan na matsa wa tsohuwar sai ta fara shaƙewa. Na bi tsarin da babana ya koya mini: kayan mutane tukuna, na mai kula da na'ura a ƙarshe. Waƙoƙin tsofaffi da aka tace suka haye, hirar mata ta haye, labarai suka haye. Ɗanyen ɗauka, inda muryarsa take, shi ne a wutsiya. Ranar Talata da safe an kusa kaiwa gare shi.

Ga abin da ya faru, don na ji ana ta ƙari a tasha. Wani dattijo ya rasu a gidan Tsogbe. Ɓangaren ƙanensa suka riga kawo takardar sanarwa, da sunayensu a gaba, na 'ya'yan babban wansa a baya. Duk wanda ya girma a nan ya san sunan da aka fara kira a sanarwar mutuwa shi gari zai ɗauka a matsayin mai gida, kuma akwai gonar koko a tsakani. Mai gabatarwarmu Selom ya karanta yadda aka rubuta, aka naɗa, aka ba Koklo ta riƙa maimaitawa. Da hantsi Dodzi, ɗan babban wan, ya iso da 'yan'uwansa a kan babura, da adduna da taɓaren daka. Suka fasa wa Fo Kuma kai a bakin ƙofa, suka ragargaza gilashin ɗakin watsa shiri. Selom, wanda kullum yake cika baki a iska, ya fice ta tagar banɗaki ya bar takalmi ɗaya.

Saura kaɗan su huce su tafi. Amma marigayiya ba ta taɓa makara ba. Suna tsaye a tsakar gida suna haki, lokaci ya cika, lasifikar waje ta buɗe, muryar Selom ta fara jero sunayen daga ɓangaren ƙane, a natse, ɗaya bayan ɗaya. Dodzi ya ɗaga kai ya ce wane ɗan iska ne ke magana alhali mutumin ya gudu. Wani ya nuna ɗakinmu.

Na tare ƙofar da jikina. Na ce, “Yaya Dodzi, don girman Allah ka tsaya. Layi ɗaya zan rubuta sanarwar ta mutu. Ka dake ni in kana so, amma kar ka taɓa wayar nan.”

Ya ce, “Matsa, 'yar Agbeko. Yau sai na ga uban da ke cikin akwatin nan.”

Na ce nawa ne a ciki. Bai ji ba, ko ya ji bai damu ba. Taɓarya ta farko a hannuna ta sauka, na ji ƙashin ya ce ƙwas. Na kama kunnensa da haƙori, kuma ina sanar da dangi cewa guntun da ya rasa ba ya wurina, na tofar. Biyu suka fizge ni suka maka da bango. Ina kwance ina gani ya finciko wayoyin batir gaba ɗaya, ya ɗaga taɓarya ya sauke a kanta kamar mai dakan rogo, ya sake, ya sake, har murfin ya lotsa, fankar ta fito tana rawa a ƙasa. Kukan fankar nan, huuu, shi ne sautin da na shekara tara ina aiki a cikinsa har na daina jin sa. Da ya tsaya sai na ji kamar an toshe mini kunne da auduga. Dodzi ya tofa mata yawu, ya fita yana riƙe da kunne, jini na bin wuyansa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne faifan bai mutu ba. Na ciro shi da hannun hagu daga cikin tarkacen, na sa a sabuwar na'ura, ya juya lafiya lau. Baƙin allo ya fito da layi ɗaya yana neman kalma. Na buga sunana, sunan ƙauyensa, sunan ƙungiyar ƙwallonsa, zagin da ya fi so. Kowanne aka maka mini ƙofa kamar yadda marigayiya take yi wa ɓarayi. Babana ya iya aikinsa, Allah ya jiƙansa, kuma ban taɓa jin haushinsa kamar makon nan ba.

Ranar Lahadi Mama ta zo da zanenta na fita. An gaya mata, amma ta zo. Ta zauna a kujerar roba, ta ɗauki abin saurare ta sa a kunne da kanta, ta daɗe a haka. Sannan ta cire ta ce, “Sau biyu ke nan ana kawo mini shi a farfashe.” Na yi kuka kamar yarinya.

Marigayiya ta bar sabuwar na'ura da ba a raɗa wa suna ba tukuna, da batira marayu, da Fo Kuma mai ɗinki a ka, da takalmin Selom, da tsofaffin kan dutse waɗanda waƙoƙinsu suka tsira, da ni, da Mama. Ban jera su bisa girma ba, kuma wanda ya ga an sa shi a baya ya zo ya same ni, hannun hagun yana aiki.

Za a yi jana'iza ranar Asabar a tsakar gidan rediyo. Ba makaɗa, ba anko, kada kowa ya kawo giyar sodabi. Dattawan gari sun yanke cewa Dodzi ne zai haƙa ramin a gindin mangwaro, shi zai ɗauko gangar jikin a kansa, na kuma roƙa a bar shi ya yi da rana tsaka. Faifan ba za a binne shi ba. Zai kasance a kan tebur da allo a gabansa. Duk wanda ya san Fo Agbeko, abokan gasarsa na Lomé, 'yan cocinsu, masu babur, matar da yake cin wake a wurinta, ya zo da kalma ɗaya ko magana ɗaya da ya san ba ta barin bakinsa, ya buga da hannunsa. Wannan ce ta'aziyyar da muke karɓa.

Mama ta ce tana da tata kalmar, sunan da yake kiranta da shi idan su biyu ne, wanda ko ni ban sani ba. Tun ranar Talata take riƙe da shi ta kasa gwadawa, ta ce idan ba shi ba ne ba ta san yadda za ta koma gida ba. Ta ce ita za ta zo a ƙarshe, kamar yadda ya koya mana. Don Allah, idan kun ga ta miƙe daga kujerarta, ku fita ku ja mana ƙofa.