Ranar Da Maganaɗisu Ya Cafke Ni

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na tsaya kare aikina na shekarar ƙarshe a sashen kimiyyar lissafi, a nan Maiduguri. Batuna shi ne abin da masana ke kira spin echo a cikin ƙarfe. A taƙaice, ƙwayoyin da ke tsakiyar zarra suna juyi kamar katantanwa. Ka buga musu igiyar rediyo su watse, kowace da saurinta, ka sake bugawa su juyo su haɗu lokaci guda, na'ura ta ji amsa-kuwwarsu. (Ni ma haddacewa na yi, ban taɓa ganin na'urar ba.)

Na ɗinka sabon kaftani fari ƙal. Na je Kasuwar Kwastam na sayi wani ƙaton maganaɗisu da aka ciro daga tsohuwar lasifika, na zura a aljihu, don in fito da shi a ƙarshe a sha mamaki. Gaskiya mutum ɗaya nake son burgewa, Falmata 'yar ajinmu, wadda ke zaune a layin gaba.

Bayani ya fara daɗi, kai ya kumbura. Sai na ce da farfesan da aka gayyato daga wata jami'a, "Ranka ya daɗe, bari in nuna da mutane."

"Bismillah," in ji shi.

Na kira abokaina Modu da Bukar muka jeru. Na ce mu ne ƙwayoyin: kowa ya yi tafiya da saurinsa, in Falmata ta tafa mu juya, kuma dole mu dawo layi tare. Modu na jan ƙafa, Bukar na matsakaici, ni kuwa na zura da gudu har kusa da ƙofa. (Wa ya aike ni?)

Falmata ta tafa. Na juya da salo, kaftani ya yi fiffike, sai ji na yi ƙwas, aljihuna ya manne da wani kabad na ƙarfe da ke bakin ƙofa. Na fizga. Kabad bai motsa ba, kaftanin ne ya tsage tun daga aljihu har ƙasa. Modu da Bukar suka isa layi tare abinsu, ni ina can ina kokawa da kabad, gajeren wandon ƙwallo da na sa a ciki yana gaida jama'a.

Zaure ya kece da dariya. Falmata ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na rawa.

Farfesa ya gyara tabarau. "Madalla. Ga ƙwayar da ba ta dawo ba, shi ya sa amsa-kuwwa ke raguwa. Amma ɗana, maganaɗisun na mene ne?"

"Na gwajin ne, ranka ya daɗe."

"Buɗe babi na biyu na aikinka. Kai ka rubuta cewa ƙarfe yana da nasa maganaɗisun a ciki, ba ya buƙatar na waje."

Wallahi ni na rubuta. Na ƙarasa amsa tambayoyi hannu ɗaya riƙe da tsaga, Bukar kuma na can yana ɓamɓaro maganaɗisuna daga jikin kabad da sukundireba.

Na ci jarrabawar, da ƙyar. Tun daga ranar, kafin in nemi burge kowa, sai na fara karanta abin da na rubuta da hannuna. Kuma ko ɗaurin aure zan je, sai na sa dogon wando.