Rasuwar Bibi Mai Doro a Minti na Sittin da Takwas

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika ta maƙil, da kuma ido guda da ya ƙi rufuwa, ni Mzee Hemedi Kibwana, mai sayar da gahawa a layi na goma sha biyu, unguwar Ngamiani, birnin Tanga, a madadin iyalina da duk masu zama a kan bencina, nake sanar da rasuwar talabijin ɗina, Bibi Mai Doro. Ta cika ranar Asabar da la'asar, kwana tara ke nan, a minti na sittin da takwas na wasa, bayan shekara goma sha tara a kan kantar shagona. Mutuwa ce ta farat ɗaya. Ban ce ta Allah da Annabi ba ce.

Duk wanda ya san marigayiya ya san ta da haƙuri. Idan aka kunna ta sai ta ce "tsssss", ta ɗan yi shiru kamar mai tunani, sannan ta ce "ɓum", fili ya bayyana. Mari ɗaya take so a kuncin hagu, ba biyu ba, kuma ni kaɗai na san nauyin hannun. Da tsufa ya kama ta, jar rigar ƙungiyarmu ta koma launin ƙasa a fuskarta, amma ba ta taɓa ɓoye mana ƙwallo ko guda ba, wadda muka ci da wadda aka ci mu. Manyan maza sun dangwala mata yatsu masu maiƙon kashata, alewarmu ta kwakwa, suna nuna inda ya kamata ɗan baya ya tsaya. An yi mata ihu a fuska. An tambaye ta ko alƙalin wasa makaho ne. Ba ta taɓa cewa wane ne mai gaskiya ba.

Ta rasu ta bar rimot ɗaya da ke ɗaure da robar tayar keke, da tasar tauraron ɗan'adam a kan rufi, da ƙyallen da matata Bi Mwanaisha ta saƙa mata, da benci biyu. Ta kuma bar dattawa goma sha ɗaya waɗanda tun ranar suka rasa wurin musu, har an ga wasunsu suna raɓe-raɓe a sabon gidan kallo na bayan tasha. Na san sunayensu.

Jama'a na da haƙƙin sanin yadda ajali ya zo, don haka zan faɗi abin da idona ya gani.

Ni da Shomari, ƙanin matata, tsohon direban bas, ƙungiya ɗaya muke goya wa baya tun muna da gashi. Abin da ya raba mu shi ne tsari. Ni na yarda da huɗu a baya, huɗu a tsakiya, biyu a gaba, yadda iyayenmu suka bar mana. Shi kuwa uku yake so a baya, 'yan gefe biyu su yi ta zarya sama da ƙasa. Shekara biyu yana faɗa mini magana guda:

"Mijin Yaya, tsohuwar nan taka ba ta nuna gefen fili. Tana yanke shi. Shi ya sa ba ka taɓa ganin aikin ɗan gefe ba. Ka sayi mai faɗi, ka ga ƙwallo kafin ka mutu."

A gabanta yake faɗa. Ina roƙon mai karatu ya riƙe wannan.

Ranar Asabar ɗin aka tafi hutun rabin lokaci ba ci. Ɗan gabanmu Mwakalinga yana ta haki tun minti na talatin. Na ce kitse ne, yaron ya yi hutu a gidan uwarsa ya dawo da tumbi. Mzee Kombo, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa wanda likita ya hana gahawa, shi ya sa yake zuwa da filas ɗin shayinsa, ya ce ba kitse ba ne, cinya ce ba ta warke ba aka sa shi dole.

"Ba tumbi ba cinya," in ji Shomari. "An bar shi shi kaɗai yana tseren banza. A cire ɗan baya ɗaya, a buɗe gefe, ku ga aiki."

"In aka cire ɗan baya," na ce, "uban wa zai tsare gida? Kai?"

Da aka dawo, sai koci ya yi abin da Shomari ya faɗa, kamar ya ji shi. Shomari ya bar mazauninsa ya zo ya tsaya dab da kanta, abin da na hana tun tuni. A minti na sittin da takwas ƙwallo ta fito daga gefen dama, daga wurin da marigayiya ba ta nunawa, Mwakalinga ya sa kai, raga ta motsa. Shago ya kaure. Na ga Shomari ya daki kan Bibi da tafin hannu yana cewa, "Kin gani? Kin gani?" Sai ta ce "fit". Wani ɗan ɗigon haske ya tsaya a tsakiyar fuskarta, ya ƙanƙance, ya tafi. Kalmarta ta ƙarshe ke nan.

A gaban kowa na ce masa makashi. Na ce ya daɗe yana neman ranta. Na ce ya fita, kada ya sake taka ƙofata. Ya dube ni, ya ajiye ɗan kofinsa a hankali, ya fita bai ce uffan ba. Wannan shirun ma na sa shi cikin hujjoji.

Ranar Litinin na kai gawa wurin Mbwana mai gyara. Ya kwance doron, ya leƙa, ya shafa da yatsa, ya ɗanɗana.

"Mzee, ba duka ne ya kashe ta ba. Ruwa ta sha. Mai sukari da madara."

Gahawata baƙa ce, ba sukari ba madara, duk Ngamiani ta shaida. Mutum ɗaya ne ke shigowa da shayi. Na tari Mzee Kombo a ƙofar masallaci na tambaye shi inda ya ajiye kofinsa ranar.

"A kan allon da ke saman kanta, inda nake ajiyewa shekara shida. Da na waiwaya na tarar da shi a kife. Na ɗauka mage ce."

"Ba ni da mage."

"To ka nemi wanda ya kife shi, Hemedi, ka bar ni na yi alwala."

Na dawo gida ina lissafin yadda su biyun suka haɗa baki, ɗaya ya ajiye shayi ɗaya ya daka. Na zayyana wa Bi Mwanaisha komai tana kankare kwakwa. Tun ranar da na kori ƙaninta abinci kawai take ajiye mini, ba magana. Ta saurara har na gama, sannan ta ce:

"Baban Zuhura, ina bakin ƙofar baya da farantin kashata lokacin da aka ci ƙwallon. Wa ya yi tsalle har hularsa ta faɗi?"

Na ce mutane da yawa sun yi tsalle.

"Wa ya buga kansa da allon sama?"

Na ce ban tuna ba.

"Taɓa ƙeyarka."

Akwai ƙulu a wurin, ban musa ba. Amma ina so a sani cewa shaidar mace a kan ƙaninta abin dubawa ce, kuma mutum kan samu ƙulu a ƙeya ta hanyoyi da dama. Haka kuma ba a taɓa jin na yi murnar ƙwallon da aka ci da mutum uku a baya ba, kuma in ma na yi, ba da sanina ba ne. Bincike na ci gaba. Ba a wanke kowa ba. Sai dai dare bakwai ke nan ina juya maganar, kuma kullum da safe hannuna kan jera ƙananan kofuna goma sha biyu, in mayar da na Shomari.

Za a yi bankwana da marigayiya, wadda na dawo da ita daga wurin Mbwana, ranar Asabar mai zuwa, ƙarfe huɗu na yamma, a ƙofar shagona. Na san lokacin ne ake take wasa a gidan kallo na bayan tasha. Da gangan na zaɓa, kuma zan zauna ina fuskantar titi. Mbwana zai ɗauke ta a kan kekensa zuwa bayan shagonsa, inda 'yan'uwanta suke kwance, ya kuma yi alkawarin ba zai cire mata komai ba sai na juya baya. Gahawa da kashata kyauta ne. Mai zuwa da filas ya riƙe abinsa a cinya.

Mutum ɗaya ne zai yi jawabi a kan gawa. Iyali sun zaɓi Shomari, an ba shi minti goma ya yi bayanin mutum uku a baya, da murafan kwalba a kan benci in yana so, kuma mai shago ya ɗauki alkawarin ba zai katse shi ba. Duk wanda ya karanta wannan ya kai masa saƙo, don ba ya ɗaga wayata.

Shomari, ka zo. Ban ce kana da gaskiya a kan tsarin ba. Na dai ce ka zo.