Kallamu da Gurnanin Tayar Baya

A garinmu Tudun Maje in ka tambayi gidan bakanike, gidanmu za a nuna maka. In ka tambayi gidan Kallamu ma nan ɗin za a nuna maka, sai dai wannan karon da dariya. Ni ne bakaniken, sunana Nomau. Kallamu ƙanena ne uwa ɗaya uba ɗaya, shekara biyu na ba shi, yanzu furfura ta fara fito masa a gemu. Yana da mata, Tabawa, mai suyar ƙosai a ƙofar gida, wadda ban taɓa ganin mai haƙurinta ba. Sai matata Laure, sai kuma mahaifiyarmu, Inna. Kallamu ba mahaukaci ba ne, yana sallarsa, yana gaida mutane, ba ya taɓa kayan kowa. Ciwonsa ɗaya ne: yadda magana ta fito daga bakinka haka yake ɗaukarta, ba ragi ba ƙari.

Da mahaifinmu zai rasu ya bar mana gareji a gindin durumi da wata tsohuwar a-kori-kura. Ya kama hannuna ya ce, "Ga mota, ga ƙaninka. Kada ka rabu da ko ɗaya." Motar kam na riƙe ta da hannu biyu. Ƙanin kuwa, ba zan ɓoye ba, shekara da shekaru ina neman dalilin da zan kore shi daga garejin ya koma gona, don na gaji da jin kunya a gaban mutane.

Aikin da aka fi sanina da shi gyaran bayan tsofaffin motoci ne. Akwai sandar ƙarfe da ke juya tayar baya, muna ce mata shaf. A bakinta akwai boris, zoben ƙarfe mai ƙwallaye a ciki, shi ke ɗauke da nauyin mota. Kusa da shi akwai sil, zoben roba da ke hana mai zubowa kan birki. In waɗannan biyun suka gaji, mota sai ta fara gurnani a baya, mai ya riƙa ɗiga. Hanyarmu kuwa ramuka ne zalla, don haka ba ma zama ba aiki.

Wata rana na ciro boris biyu masu sauran ƙarfi daga motar wani mai kai albasa kasuwa. Na miƙa wa Kallamu na ce, "Wanke su tas, ina son su yi ƙyalli." Ni kananzir nake nufi, ga shi nan a kwano kusa da ƙafarsa. Shi kuwa sai ya wuce bakin rijiya, ya samo toka da yashi da soso, yadda mata ke dirje gindin tukunya. Ya dirza, ya ɗauraye, ya shanya su a kan danga. Da ya kawo su suna walƙiya, na juya ɗaya da yatsa na ji yashi na ƙara a ciki kamar ana tauna tsakuwa.

Na ce, "Kallamu, ka kashe su."

Ya ce, "Amma sun yi ƙyalli, Yaya."

Sun yi ɗin kuwa. Har Inna ta leƙo ta ce da zai yi mata haka da langunanta da ta ji daɗi. Mai albasa dai ya kwana biyu a garinmu, albasarsa na tsiro a buhu.

Wata rana na ce bari in koya masa abu ɗaya da ba a taɓawa da hannu, ko a huta da ɓarna. Na kai shi gindin wata mota da aka kawo, na ce, "Boris in ya gaji kuka yake yi. Sa kunnenka a tayar nan, kada ka ɗaga sai ka ji kukan." Niyyata in ɗaga motar da jak in juya tayar, sai aka kira ni ɗaurin aure a bayan masallaci, daga can aka ja ni cin tuwo, na manta. Sai bayan la'asar na dawo. Na same shi kwance a ƙasa, kunne manne da taya, cinnaku sun cije masa wuya duk ya kumbura.

Na ce, "Me kake yi har yanzu?"

Ya ce a hankali, "Yi shiru, Yaya, ba ta fara ba tukuna."

Na yi dariya har da hawaye, na kira maƙwabta su zo su gani. Abin da ban lura da shi ba a lokacin, daga ranar duk motar da za a gwada sai ya hau baya ya rataya kansa a gefe yana saurare. Kafin shekara ta zagayo, yana iya ce maka ta hagu ce ko ta dama tun ni ban ji komai ba. Ban taɓa yaba masa ba. In ya faɗa daidai, sai in ce dama na sani.

Wata rana Alhaji Barau mai hatsi ya zo daga Kwanar Gamji, motarsa na ɗigar da mai a baya. Ina ƙarƙashin wata motar, sai na ɗaga murya na ce, "Kallamu, bi man nan ka ga daga ina yake fitowa." Na fito ban gan shi ba. Na cire tayar da kaina, na ga sil ya tsage, na sa sabo, Alhaji ya yi godiya ya tafi. Ana kiran magariba sai ga Kallamu ya dawo, ƙafafu sun yi futu-futu, takalmi ɗaya a hannu. Ashe ɗigon man ya bi a kan hanya, ɗigo bayan ɗigo, ya ƙetare gadar Rafin Maje, ya haura tudu, har Kwanar Gamji.

Ya ce, "Na gano, Yaya. Daga ƙofar gidan Alhaji yake fitowa. Akwai mai yawa a gindin dalbejiya."

Tabawa ta ɗora masa ruwan zafi ta gasa masa ƙafa. Ni kuwa a lokacin haushin takalmin da ya tsinke nake ji.

Wata rana kuma za mu sa sabon boris a shaf, ya ƙi shiga. Dabarar ita ce a ɗumama shi ya ɗan buɗe. Na ce, "Je ka tsoma shi a mai mai zafi." Mai mai zafi guda ɗaya ne a duk unguwar a wannan safiya, shi ne na kaskon Tabawa. Ta juya ba wa wani yaro canji ke nan, ya jefa boris cikin ƙosai, da giris ɗinsa da komai. Mutum bakwai suka dawo da ƙosai a hannu suna tofar da yawu, liman ma na cikinsu. Boris dai ya shige shaf sumul, ban taɓa sa wanda ya zauna kamarsa ba.

Ranar na shiga wajen Inna na ce a bar ni in sallami Kallamu. Inna ba ta faɗin sunana, ni ne ɗanta na fari. Ta ce, "Kai wannan, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Shi abin da aka ce masa yake yi. Kai fa, abin da ubanka ya ce maka kake yi?" Na fita ina ƙunƙuni.

Ba a daɗe ba labari ya zo cewa wata motar kasuwa a can gabas tayarta ta baya ta fice da shaf ɗinta tana cikin gudu, aka rasa rayuka. Direbobi sun taru a gindin durumi ana jimami, ni kuma na samu wurin cika baki. Na ce, "Motar da ke gurnani a baya ba ta barin garejin nan, ko ta ubana ce!" Na juya na nuna Kallamu don in ƙara wa maganar armashi, na ce, "Ka ji ko? Ko ni ne na dawo na ce a bari, kada ka saurare ni. Maganar farko ita ce magana." Ya gyaɗa kai. Ni kuwa kafin azahar na manta na faɗa.

To, an ce wanzami ba ya son jarfa. Ni da nake buɗe bayan motocin mutane kullum, tawa a-kori-kurar na bar ta. Wata biyu Kallamu na ce mini, "Yaya, ta hagu tana gurnani." In ce na ji. Na ga mai ya jiƙa cikin tayar, na sa tsumma na goge, na ce sai an gama aikin kaka.

Wata rana, kuma ita ce ranar da nake ba da labarin nan dominta, 'yata ta fari ta haihu a Kwanar Gamji, aka sa suna. Jikana na farko ke nan. Tun da sassafe mata goma sha huɗu suka taru a ƙofar gida cikin anko, da kwanukan tuwo da kayan barka. Inna ta sa farin mayafinta, ita za ta zauna a gaba kusa da ni. Na fito da babbar riga ina kaɗa makulli, sai na ga mota ta karkace, an tokare ta da duwatsu, tayar hagu ta baya babu. Can gindin durumi ga Kallamu zaune daram a kan tayar, notika a aljihu, sifana a kan cinya.

Na ce, "Wane ne ya sa ka?"

Ya ce, "Kai ne, Yaya. Tana gurnani."

"Tashi ka ba ni tayar nan, rana na yi."

"Ka ce ko kai ne ka ce a bari, kada in saurare ka."

Mata suka fashe da dariya. Wata ta ce yau bakanike ya gamu da ogansa. Dariyar nan ce ta hau mini kai. Na taka na ɗauke shi da mari, a gaban matarsa, a gaban uwarmu, mutum mai furfura a gemu. Na ce, "Tashi ka bar mini gareji! Kada in ƙara ganin fuskarka!" Ya miƙe a hankali, ya zuba notikan a kan tayar, ya juya mini baya ya shige gida.

Na mirgino tayar ina huci, na durƙusa da babbar rigata zan mayar da ita. Na kama bakin shaf in daidaita shi, sai na ji ya biyo hannuna. Haka kawai ya zaro, kamar an zare muciya daga tukunya. Ƙwallayen boris suka zubo ƙasa, wasu a fashe, duk sun ƙone sun yi baƙi. Zoben da ke riƙe da shi ya rabe biyu. Sil babu abin da ya rage sai zare-zare, birkin kuwa ya sha mai ya yi sharkaf. Na tuna gangaren gadar Rafin Maje, da kwanar da ke ƙasansa, da mata goma sha huɗu a baya. Na saki shaf ɗin, na zauna a ƙasa.

Dariya ta ɗauke. Laure ta fara salati. Inna ta zo ta tsaya a kaina, ta dubi ƙwallayen nan a cikin ƙasa, ta ce, "Da yau jana'iza nawa za a yi a gidan suna?" Alhaji Barau ne ya aiko da motarsa ta kwashe su, ni ban je sunan jikana ba.

Na sami Kallamu a ɗakinsa zaune, fuska ga bango. Na tsuguna a bayansa na ce, "Kallamu, na yi kuskure. Ka ceci Inna, ka ceci matan nan, ka cece ni. Ka yafe mini."

Ya ce, "Na yafe, Yaya."

"To juyo mu gaisa."

"Ka ce kada ka ƙara ganin fuskata."

"Na janye. Fushi ne."

Ya ce, "Maganar farko ita ce magana."

Inna ta yi masa magana, Tabawa ta yi kuka, liman ya zo har gida ya zauna da shi. Garejin dai Inna ta ce na ubansa ne kamar yadda yake na ubana, don haka ya dawo aiki. Fuskar kuwa ya ce wannan tsakaninsa da Yaya ne. Yana hira da kowa ido da ido. In ya ji takuna sai ya juya. In na ce miƙo sifana, ta bayansa yake miƙowa. A masallaci yana tsayawa sahun gaba don kada in waiwaya in ga fuskarsa. Mutane har yanzu suna dariya, ni kuwa na daina.

Shekara uku ke nan. Na sa wa a-kori-kurar sabon boris da sabon sil a ɓangarorin biyu, shi ya ɗumama mini su, a gwangwani wannan karon, don na koyi faɗin magana ƙarara kafin in sake ta. Duk motar da muka gyara, shi ke hawa baya in za a gwada. Yakan rataya kansa a gefen hagu, ya karkata kunne ga taya, ya lumshe ido yana saurare. A daidai lokacin nan rabin fuskarsa na fitowa a madubin gefena. Bai sani ba, ni ma ban faɗa masa ba. Direbobi na cewa Nomau ya tsufa, gwajin da ake yi zuwa bakin kasuwa shi sai ya kai mota har gadar Rafin Maje, a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. In mun isa gada yakan buga rufin mota ya ce, "Ta yi shiru, Yaya, mu koma." Ni kuma in ce, "Ƙara saurara dai, Kallamu, ban tabbata ba."