Ni da Kunkurun Hajara a Jabal Nur

Sale, abokina na tasi a unguwar Hindawiyya ta Makka, shi ya mai da ni abin dariya, kuma ban yafe ba.

'Yata Hajara ce ta zaunar da ni kallon wani katun, kunkuru ya ƙudurta sai ya hau dutse, yana faɗuwa yana tashi, har abokinsa ya goya shi suka kai sama. Ta ce, "Baba, kai ka taɓa hawan Jabal Nur?" Shekaru ina sauke alhazai a gindinsa, ban taɓa hawa ba. Na ce mata wannan ai tudu ne, Juma'a za ta gani. Na gayyaci Sale ya zo shaida.

Da silifa na tafi, bayan na cika ciki da shinkafa. Ko rabi ban kai ba gwiwoyina suka ce halas, sun gama aiki. Na zauna ina haki, tsofaffin mata masu sanduna suna wuce ni, har wata ta miƙo mini dabino. Hajara ta tsaya a kaina tana ihu, "Yalla Baba, kunkuru bai zauna ba!" Sai ga biri ya fizge ledar ruwana. Da gindi na sauko.

Sale kuwa bidiyo yake ɗauka, ya kuma tura wa sauran direbobi. Yanzu duk inda na faka mota sai na ji, "Alhaji Kunkuru, an kai sama?"

Na same shi wajen mai shayi, na ce, "Sale, abokin kunkurun nan goya shi ya yi. Kai, mara mutunci, waya ka zaro."