Wuyan da ya yi ritaya

Wani ne a kulob ɗinmu na jirage marasa inji, nan gindin duwatsun Allgäu. Kujera ɗaya ta rage a gasar ranar Asabar, ya rantse tasa ce. Ya je ya sayo na'urar nan mai tsuwa idan wani jirgi mai irinta ya matso. Tun daga ranar ya daina waiwaye.

Malama Irmgard, mai koyar da mu, ta ce, "Kai, juya wuya! Ƙasanka da bayanka ba ka gani."

Ya shaƙe murya, ya ɗaga hanci. "Malama, wuyana ya yi ritaya."

Aka ɗaura wa jirginsa igiya, Alois ya ja shi sama da jirginsa mai inji. Na'ura ta ce tsiit! Gogan ya damƙi rediyo.

"Wane ɗan rainin hankali ne a gabana? Na yi dama ya yi dama, na yi hagu ya yi hagu!"

Alois ya ce, "Ni ne, ranka ya daɗe. Jan ka nake yi."

"To ja ni daga gefe mana!"

Ya saki igiya, ya shiga iska mai ɗumi inda kowa ke kewayawa kamar ungulaye. Tsiit-tsiit-tsiit! Fitilar na'urar ta nuna akwai jirgi a ƙasansa. Ya dubi gabansa, fayau.

"Ƙarya take, ba kowa."

Sai ga muryar wani ɗan kulob ɗinmu, tsoho Korbinian, a rediyo: "Yaro, ɗaga! Ina karanta lambar tayarka ba tabarau!"

"Baba, in kana nan ai da na gan ka."

Kowa ya watse ya bar masa sama. Iska ma ta watse. Dole ya nufi wata makiyaya zai sauka, na'ura tsit, shi kuwa har da fito. Wata saniya ta ɗago kai, ta waiga, ta matsa gefe abinta, ƙararrawar wuyanta na galan-galan. Gogan ya wuce fuu, ya lume cikin tulin kashin shanu har kafaɗa.

Da muka iso da tirela yana ta yi wa manomi mai makiyayar ihu: "Laifinka ne! Tuli kamar dutse, ko na'ura ba ka sa masa ba!"

Ya juyo. "Malama, Asabar fa tana nan ko?"

Malama Irmgard ko kallonsa ba ta yi ba. Ta toshe hanci, ta dubi manomin.

"Baba, saniyar nan taka, tana da wani aiki ranar Asabar?"